Birnin da ke ƙarƙashin birni: tarihin magudanan ruwa na Paris

A ƙarƙashin titunan Paris, babban birnin Faransa, akwai waɗansu hanyoyi da tsawonsu ya kai kilomita 2.500 ko fiye, waɗanda mafi yawan mazauna birnin ba su taɓa sa ƙafa cikinsu ba. Kusan kowane titi na sama yana da takwaransa a ƙasa, har da allon suna da lambobin gidaje, domin kada ma'aikaci ya ɓata. Ta nan ne ruwan sama da ruwan wanke-wanke da ƙazantar mutum fiye da miliyan 2 suke bi su fita gari. Ɗaliban da suka karanta littafin Les Misérables na Victor Hugo sun san wurin a matsayin duhun da Jean Valjean ya ratsa yana ɗauke da Marius. Amma tarihin wurin ya fi wannan labari tsawo, kuma darasinsa ya shafi duk garin da ruwan sama yake sauka a kansa. Sau da dama Paris ta zaci ta rabu da ruwa, ashe gusar da shi kawai ta yi zuwa wani wuri. Duk ci gaban da ta samu kuwa ya faro ne daga ranar da wani ya yarda ya je ya ga hanyar da ruwan yake bi.

Kwata a tsakiyar titi

An kafa Paris a bakin kogin Sen, cikin wani kwari da tuddai suka kewaye, irin su Montmartre da Belleville da Ménilmontant. Wani ɓangare na hannun dama na kogin fadama ne a da, shi ya sa har yau ake kiran wata tsohuwar unguwa Marais, wato fadama. Duk ruwan da ya zuba a kan tuddan nan tilas ne ya gangaro ya ratsa gari kafin ya isa kogi.

Wajen shekarar 1186 sarki Philippe Auguste ya ba da umurni a shimfiɗa duwatsu a manyan tituna. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne a bar tsakiyar titi da ɗan zurfi, ya zama kwata. Nan matan gida da mahauta da marina suke zubar da ruwansu. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi titi ya koma ƙorama, idan kuma zafi ya shigo ruwan ya kwanta ya cika unguwa da ɗoyi. Sai wajen 1370 ne Hugues Aubriot, wakilin sarki Charles na 5 a birnin, ya sa aka gina magudana ta farko mai rufin dutse a titin Montmartre, wadda take kai ruwan unguwar zuwa rafin Ménilmontant. Da tafiya ta yi nisa, rafin da kansa ya rasa sunansa na rafi, mutane suka koma kiransa Babbar Magudana. Tsakanin 1737 da 1740 shugaban hukumar birnin, Michel-Étienne Turgot, ya sa aka sake gina shi da dutse, aka yi masa wurin tara ruwa domin a riƙa saki ana wanke shi. Ƙaramin kogin Bièvre na hannun hagu ma haka ta faru da shi: majema da marina suka ɓata shi, har aka gama rufe shi cikin birnin a 1912.

Bayan-gida yana da tasa hanya dabam. A 1539 sarki François na 1 ya wajabta wa kowane mai gida ya gina salga. Masu kwasa suna zuwa da dare da amalanke, su kai kayan Montfaucon a bayan gari, inda ake shanya shi a mai da shi taki. Ruwan sha kuwa, da yawansa ƴan garuwa ne suke ɗebowa daga kogin Sen, kogin da magudanan suke zuba cikinsa.

Kowane sarki ya zo ya ƙara guntun magudana a inda wari ya fi damunsa, ba tare da ya san yadda za ta haɗu da ta wanda ya gabace shi ba. Aka wayi gari birnin yana da hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa waɗanda babu wanda yake da cikakkiyar taswirarsu. Waɗansu sun toshe, waɗansu sun rufta, waɗansu an manta da inda bakinsu yake.

Mutumin da ya sauka

A 1802 ruwa ya cika magudanan, ya dawo da ƙazantarsu cikin tituna. Shekara uku bayan haka, a zamanin Napoléon na 1, wani jami'in kula da ayyukan birnin mai suna Pierre-Emmanuel Bruneseau ya nemi izini ya shiga ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ɗauke shi shekara bakwai, daga 1805 zuwa 1812. Yana tafe yana auna faɗi da tsayi da gangare, yana ƙidaya rassa, yana rubuta inda bango ya tsage da inda laka ta toshe hanya, a bayansa kuma ana yasa ana gyara.

Hugo ne ya hana sunan wannan mutum ɓacewa, domin ya keɓe masa shafuka cikin littafinsa da ya fito a 1862. A faɗar Hugo, ma'aikata 20 ne suka sauka tare da shi, 8 daga ciki suka ƙi ci gaba tun da wuri, fitilu suna mutuwa saboda gurɓatacciyar iska, kuma an tsinci tsofaffin kuɗi da kayan ado da ƙasusuwan wani babban biri da ya tsere daga gidan namun daji. Hugo mai ƙaga labari ne, ba a rasa gishiri cikin maganarsa. Amma aikin Bruneseau gaskiya ne, kuma shi ne ya fara ba hukuma hoton abin da take takawa a kai. Lissafin da Hugo ya kawo ya nuna cewa a farkon 1806 tsawon magudanan duka bai wuce kilomita 23 da ɗoriya ba, a birnin da mutanensa suka haura rabin miliyan.

Bayan mai awo sai likita ya biyo. Alexandre Parent-Duchâtelet ya yi ta shiga magudanan, yana zama da masu yasa yana tambayarsu abin da yake damun lafiyarsu, har ya fitar da littafi a kan batun a 1824. A 1826 yana cikin waɗanda suka jagoranci yashe magudanar Amelot, wadda ta daɗe a toshe har ma'aikata suna tsoron kusantarta. Haɗarin da waɗannan mutane suka fuskanta yana nan har gobe. Laka mai ruɓewa tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin wari kafin ta kashe mutum. Fitsarin ɓeraye yana ɗauke da cuta mai taɓa hanta da ƙoda. Mafi muni shi ne hadarin da na ƙasa ba ya gani: ana iya yin ruwa a wata unguwa mai nisa, cikin ƴan mintoci ruwan da yake iya idon sawu ya kai wuya.

Annobar 1832

A ƙarshen watan Maris na 1832 cutar kwalara ta shiga Paris. Kafin kaka ta kashe mutum fiye da dubu 18, har da shugaban gwamnati Casimir Perier, wanda ya rasu a watan Mayu. Unguwannin talakawa na tsakiyar gari, masu matsattsun lunguna da jiƙaƙƙun gidaje, su suka fi jin jiki.

Likitocin wancan zamani sun ɗauka cewa mugun wari ne yake yaɗa cutar. Sai a 1854 ne John Snow ya nuna a Landan cewa ruwan sha ne yake ɗauke da ita, kuma sai a 1883 da 1884 Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar. Fahimtar ta kuskure ce, amma ta kai ga aiki mai amfani, domin mai yaƙi da wari dole ya kawar da kwantaccen ruwa. A zamanin Rambuteau, wanda ya shugabanci yankin Paris daga 1833 zuwa 1848, aka ƙara famfunan unguwa, aka gina sababbin magudanai, aka kuma yawaita sabon fasalin titi mai tudu a tsakiya da kwata biyu a gefe, wadda kowace take zuba cikin magudana ta ƙasa. A 1852 aka kafa doka cewa duk sabon gini a titin da yake da magudana sai ya haɗa ruwan indararonsa da na wanke-wankensa da ita.

Aikin Belgrand

Wanda ya ba magudanan Paris fasalinsu na yau shi ne injiniya Eugène Belgrand, wanda aka haifa a 1810. Baron Haussmann, da sarki Napoléon na 3 ya ɗora a kan yankin Paris a 1853, shi ya jawo shi. Abin lura game da Belgrand shi ne kafin ya gina komai ya shafe shekaru yana nazarin kogin Sen da rassansa: wace ƙasa ce take shan ruwa, wace ce take tunkuɗo shi, kwana nawa ruwan da ya sauka a kan tuddan Morvan yake yi kafin ya iso birni. A 1854 aka kafa a ƙarƙashinsa ma'aikatar auna kogin, mai wakilai a garuruwan sama waɗanda suke aiko da tsayin ruwa, ta yadda za a san cikowar kogi ƴan kwanaki kafin ta iso.

Belgrand ya raba ruwan birni gida biyu. Na sha ana jawo shi daga idanun ruwa masu nisa, ta doguwar hanyar Dhuis da aka buɗe a 1865 da ta Vanne da aka kammala a tsakiyar shekarun 1870. Na wanke titi da kora ƙazanta kuwa daga kogi da mashigin Ourcq ake ɗibarsa. Magudanan ya sa aka gina su da siffar ƙwai, ƙasan a tsuke domin ko ruwa kaɗan ne ya yi gudu, saman kuma da tsayin da mutum zai miƙe tsaye. Wannan tsayi shi ne sirrin daɗewarsu. Bututun ruwan sha ma a ciki aka rataye su, daga baya aka ƙara wayoyi, saboda haka mai gyara yana isa wurin da ya lalace ba tare da an fasa titi ba.

Ƙananan magudanai suna zuba cikin matsakaita, matsakaita cikin manya. Saura inda manyan za su zubar. Kogin Sen, bayan ya fita Paris ta kudu maso yamma, yana yin gwiwa ya dawo ta arewa maso yamma. Belgrand ya yi amfani da wannan lanƙwasa: ya haƙa babbar magudanar Asnières ta yanke kai tsaye zuwa Clichy, inda kogin ya riga ya wuce gari kuma ya fi ƙasa, ruwan yana tafiya da gangare kawai. Ruwan hannun hagu kuma aka ratsa da shi ta ƙarƙashin kogi kusa da gadar Alma a 1868. Domin yasa, aka ƙera kwale-kwale mai ƙyaure a gaba, wanda yake tare ruwa har ya taru ya ingiza yashi da ƙarfinsa. Cikin bututun da mutum ba ya iya shiga kuwa ana jefa ƙatuwar ƙwallon katako wadda ta ɗan gaza bututun faɗi, ruwa ya matsu ta ƙarƙashinta ya kwashe laka. Lokacin da Belgrand ya rasu a 1878 tsawon magudanan ya kai wajen kilomita 600.

Wurin da a da ake tsoro ya zama abin alfahari. Mai ɗaukar hoto Nadar ya shiga da fitilar lantarki a farkon shekarun 1860, kuma da yake hoto ɗaya yana cin mintoci masu yawa, sai ya tsayar da mutum-mutumi cikin kayan ma'aikata. Daga babban bajekolin duniya na 1867 aka fara zagayawa da baƙi cikin ƙananan kekuna da jiragen ruwa. Yau akwai gidan tarihi na magudanan kusa da gadar Alma, wanda aka sake buɗewa a 2021 bayan gyara. Abin mamaki bai ƙare a ciki ba: a 1984 an kama ƴar kada a magudanar da ke kusa da gadar Pont-Neuf, aka kai ta gidan kifaye na garin Vannes.

Ƙazanta ta koma wa maƙwabta

Paris ta tsarkaka, amma mutanen Clichy da Asnières da garuruwan da ke ƙasa da su suka ga koginsu ya yi baƙi yana tafasa da kumfa. Injiniyoyi biyu, Adolphe Mille da Alfred Durand-Claye, suka kawo shawarar a bar ƙasa ta tace ruwan. Daga ƙarshen shekarun 1860 aka fara malala shi a filayen Gennevilliers, inda yashi marar albarka ya koma lambunan kabeji da albasa, daga 1895 kuma aka ƙara da filayen Achères. Hugo ma ya yi ƙorafin cewa birnin yana zubar da dukiyar taki cikin kogi a banza.

A wannan lokaci bayan-gida bai shiga magudana ba tukuna, domin Haussmann bai so hakan ba. An daɗe ana gardama. Masu gidajen haya ba sa son kashe kuɗin haɗa bututu, kamfanonin kwasar salga suna tsoron rasa sana'a, waɗansu likitoci kuma suna ganin za a yaɗa cuta. Warin da ya rufe birnin a lokacin zafi na 1880 da dawowar kwalara a 1892 suka karya gardamar. Ranar 10 ga Yuli 1894 aka kafa dokar da ta wajabta zuba komai cikin magudana. Shugaban yankin a lokacin shi ne Eugène Poubelle, wanda shekara goma kafin nan ya tilasta wa masu gidaje ajiye mazubin shara, har sunansa ya zama sunan kwandon shara a Faransanci. Dokokin nan biyu ƴan uwan juna ne, domin sharar da ba ta sami mazubi ba magudana take faɗawa. Masu gidaje sun yi ta jan ƙafa shekaru da yawa kafin dokar ta game gari. Filayen malala ma suka gaza, har aka buɗe ma'aikatar tace ruwa a Achères a 1940.

Ambaliyar 1910

Ƙarshen shekarar 1909 ya zo da ruwa mai yawa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. A watan Janairu 1910 aka sake yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan rassan kogin, wato Yonne da Marne da Loing, suka ciko kusan lokaci ɗaya. Ranar 28 ga wata ma'aunin gadar Austerlitz ya nuna mita 8 da santimita 62, tsayin da ba a ga irinsa ba tun 1658. Gunkin sojan da ke jikin gadar Alma, wanda mutanen Paris suke duba cikar kogi da shi, ruwa ya kai masa kafaɗa.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne hanyar da ruwan ya biyo. A tsakiyar birni ganuwar bakin kogi ta tare shi a wurare da dama, sai ya ɓullo ta ƙasa. Ya shiga ta bakunan da magudanai suke zubar da rararsu cikin kogi ya yi baya, ya bi ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka fara buɗewa a 1900, ya cika ɗakunan ƙasa na gidaje. Ta ramin wani layi da ake cikin haƙawa ya isa har gaban tashar jirgin Saint-Lazare, mai nisan fiye da kilomita ɗaya daga kogi, ya yi tabki a can. Kimanin gine-gine dubu 20 ruwa ya shiga. Lantarki da gas suka yanke a unguwanni da yawa, agogunan titi masu aiki da matsattsiyar iska suka tsaya, ƴan majalisa suka riƙa zuwa zama cikin kwale-kwale. Da wuraren ƙona shara suka nutse, sai aka koma juye ta cikin kogi daga kan gada, ta sauka wa garuruwan ƙasa. Ruwan bai gama janyewa ba sai cikin watan Maris.

Hanyoyin da aka haƙa domin fitar da ruwa su ne suka shigo da shi. Wannan ya nuna cewa ambaliya iri biyu ce. Akwai ta ruwan da ya sauka a kan gari, wadda magudana take maganinta. Akwai kuma ta kogin da ya ciko daga nesa, wadda magudana ba ta da iko a kanta, tana ma iya zama ƙofarta.

Ba ruwa masauki

Bayan 1910 an ƙara tsayin ganuwar kogi, an sa ƙyamare a bakunan magudanai tare da injinan tura ruwa, domin a rufe idan kogi ya taso. Amma babban magani a nesa da birni aka yi shi. Bayan wata cikowar a 1924 aka tsai da shawarar gina manyan tabkuna a saman kogin: na Pannecière a kan Yonne a 1949, na Sen a 1966, na Marne a 1974, na Aube a 1990. Gaba ɗaya suna riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 800. Suna tarawa a lokacin sanyi, su saki a lokacin zafi sa'ad da kogi ya ja baya. Duk da girmansu, masana sun ƙiyasta cewa abin da za su rage daga ambaliya irin ta 1910 bai kai mita ɗaya ba. A watan Yuni 2016 kogin ya kai mita 6 da santimita 10, har gidan tarihi na Louvre ya rufe ƙofa domin a kwashe kayan da ke ɗakunansa na ƙasa.

Ruwan da yake sauka a kan birnin kansa ma bai daina ba da wahala ba. Gadon da Belgrand da dokar 1894 suka bari shi ne bututu ɗaya ga ruwan sama da ƙazanta. A ranar da babu hadari komai yana tafiya wurin tacewa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a kan gari da kwalta da siminti suka rufe, magudanai sukan cika, sai a buɗe wa rarar hanya zuwa kogi, in ba haka ba ta fito a tituna. Tun 1923 aka hana wanka a kogin Sen cikin Paris. Domin wasannin Olimpik na 2024 an kashe kimanin yuro miliyan 1.400 wajen tsabtace shi. Cikin ayyukan har da wata ƙatuwar rijiya kusa da tashar Austerlitz, mai faɗin mita 50 da zurfin mita 30, wadda take riƙe mita kubik dubu 50 har hadari ya wuce, sannan a tura ruwan wurin tacewa sannu a hankali. Duk da haka ruwan da aka yi a ranar buɗe wasannin ya gurɓata kogin, har aka ɗage wata gasa ta maza mai haɗe da iyo da kwana ɗaya. Sai ranar 5 ga Yuli 2025 aka buɗe wa jama'a wuraren wanka guda uku.

Injiniyoyin yau sun koma ga abin da Belgrand ya fara nazari a kai, wato ƙasa mai shan ruwa. Tun 2018 birnin yana da tsarin da yake neman sababbin gine-gine su riƙe wani kaso na ruwan da ya sauka a kansu. A shekarar ce kuma aka fara ɓamɓare kwalta daga farfajiyar makarantu ana mai da ƙasa da itatuwa, domin ɗigon da ya nutse a inda ya faɗi ba ya buƙatar bututu.

Abin da ya shafi garuruwan Nijar

Garuruwan Nijar suna da nasu tarihin da ruwa. Tsohuwar Maraɗi, wadda Katsinawa suka kafa a farkon ƙarni na 19, a cikin kwarin gulbi take. A 1945 ambaliya ta rushe ta, hukumar mulkin mallaka ta tayar da garin zuwa kan tudu, aka yanka shi da miƙaƙƙun tituna. A Yamai kogin ya kai santimita 700 a watan Satumba 2020, ya shiga unguwannin bakin ruwa. Daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi asara, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya faɗi a farkon Satumba, kuma aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda suka rasa gidaje.

Yanayin ba ɗaya ba ne da na Paris. A can ruwan shekara yana rarrabuwa cikin wata goma sha biyu, a Sahel kuwa yana zuba cikin wata uku ko huɗu, wani lokaci rabon wata guda ya sauka a dare ɗaya. Magudanan a buɗe suke, iska tana cika su da yashi duk tsawon rani, leda kuma ta ƙarasa toshe su. Babu hukumar gari a Nijar da take da kuɗin haƙa irin ramukan Belgrand, kuma ba lalle ne su dace da ƙasar ba. Abin ɗauka daga wannan tarihi ya fi ramukan araha. Bruneseau da igiyar awo da fitila ya fara, Belgrand da littafin rubuta tsayin kogi. Abin da aka gina kuma ya rayu ne domin an yi shi yadda za a iya shiga a yashe shi, aka kuma ɗauki mutanen da wannan ne aikinsu kullum.

Batun ba ruwa masauki kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffin birane sun tashi da kududdufai a cikinsu, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, kuma su ne suke karɓar ruwan unguwa idan sama ta buɗe. Yayin da garuruwa suka cika, da yawa daga cikinsu an cike su da shara an yanka filaye, an kuma yi gini a kan hanyoyin ƙorama da suka bushe a shekarun fari na 1970 da 1980. Da damina mai ƙarfi ta dawo, ruwa ya nemi tsohon wurinsa ya tarar da ɗakunan mutane. Rijiyar Austerlitz, da duk kuɗin da ta ci, aikin kududdufi take yi.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kowace unguwa akwai dattawan da suka san inda tabki yake a da, da inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya, da lungun da yake fara cika. Wannan sani ba ya cikin takardun ma'aikatar magajin gari, kuma yana tafiya tare da masu shi. Malamin tarihi da labarin ƙasa da ɗalibansa, ko ƙungiyar raya al'adu ta unguwa, suna iya tattara shi cikin rani ɗaya: a bi magudanai da ƙafa, a rubuta wadda ta toshe da wadda ta karye, a tambayi tsofaffi, a zana taswira, a miƙa wa hukuma kwafi tun watan Afrilu, kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.